Dabinon da aka tofar da mutumin da aka yanka

Akwai wani lissafi a tarihin farkon Musulunci da ba ya fita idan aka kalle shi sama-sama. Mutum uku ne suka shiga hannun jama'a iri ɗaya, Hawarijawa, masu take ɗaya da aƙida ɗaya. Na farko ya faɗa musu gaskiya, suka yanka shi a bakin kogi. Na biyu ya shara musu ƙarya, suka raka shi har tudun mun tsira. Na uku ya shiga sansaninsu da tsakar rana, ba takobi ba ɗan rakiya, ya gaya musu ido da ido cewa sun kauce hanya, ya fito lafiya lau, kuma dubbai daga cikinsu suka bar sansanin saboda maganarsa. Ana iya cewa kowa da kwanansa, haka ne kuma. Amma ajali yana da sanadi, kuma sanadin nan ne nake so mu bi sawunsa.

Na farkon shi ne Abdullahi ɗan Khabbab. Mahaifinsa, Khabbab bin Arat, shi ne maƙerin Makka da aka riƙa kwantarwa a kan garwashi don ya bar Musulunci ya ƙi. Wajen shekara ta 38 bayan Hijira, wato 658 Miladiyya, wata tawagar Hawarijawa ta ci karo da Abdullahi a yankin Nahrawan na ƙasar Iraƙi, yana tare da iyalinsa mai tsohon ciki. Ɗabari ya kawo labarin a tarihinsa. Da suka ga ya razana sai suka ce ya kwantar da hankalinsa, babu abin da zai same shi. Daga nan tambayoyi suka fara. Me zai ce a kan Abubakar da Umar? Ya yabe su. Usmanu fa, farkon mulkinsa da ƙarshensa? Ya ce a kan gaskiya yake. To Ali fa, kafin sulhun da ya yi da mutanen Sham da bayansa? Ya ce Ali ya fi su sanin Allah, ya kuma fi su kiyaye addininsa. Suka ɗaure shi.

A hanya suka ya da zango ƙarƙashin itatuwan dabino. Ƙwaya ɗaya ta faɗo, wani ya ɗauka ya jefa a baki. Ɗan'uwansa ya daka masa tsawa: da izinin wa, ko ya biya kuɗinta ne? Nan take ya tofar. Can sai ga aladen wani mutumin amana, cikin waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin kariyar Musulmi. Wani ya kai masa sara. Sauran suka yi masa ca, suka ce wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, sai da ya nemo mai aladen ya biya shi. Abdullahi yana ɗaure yana kallon duk wannan, sai hankalinsa ya kwanta. Ya ce musu idan har tsantseninsu ya kai haka to babu abin da zai ji tsoro, tunda shi Musulmi ne, kuma sun ba shi amana. Suka kwantar da shi a bakin kogi suka yanka shi, suka farke cikin matar.

Mai karatu ya riƙe dabinon nan a ransa, za mu buƙace shi.

Na biyun ya zo bayan shekaru masu yawa. Wasil bin Aɗa'u ne, malamin Basra da ake jingina wa kafa Mu'utazilanci, wanda ya rasu a 131 bayan Hijira. Mutum ne mai kaifin baki. Ba ya iya furta harafin ra, don haka ya kan yi dogon jawabi yana kauce wa duk kalmar da ke ɗauke da shi. Mubarrad ya ba da labarinsa a littafinsa Al-Kamil. Yana cikin tafiya da ayari suka hango Hawarijawa. Ya ce wa abokan tafiya su ja da baya su bar shi da su. Da aka tambaye shi su wane ne, ya ce mushirikai ne masu neman mafaka, suna so su ji maganar Allah. Hawarijawa suka ce sun ba su mafaka, suka zauna suna koya musu hukunce-hukuncensu, Wasil yana ta cewa sun karɓa. Da suka gama suka ce su kama hanya, ya ce ai da sauran aiki, domin aya ta 6 a Suratut Tauba ta ce idan mushiriki ya nemi mafaka a ba shi, sannan a kai shi inda zai aminta. Suka kalli juna, suka ce yana da gaskiya. Suka raka ayarin har inda za shi.

Ga al'amarin yanzu a fili. Alade yana da diyya, dabino yana da mai shi, mushiriki yana da rakiya, amma ɗan sahabi mai salla ba shi da komai. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce munafunci, a ce tsantsenin nan na ganin ido ne. Ni ban gamsu da ita ba. Mai riya yana tofar da dabino ne a gaban wanda yake so ya burge, waɗannan kuwa a daji suke, takubba a hannunsu, shaidarsu ɗaya tilo shi ne mutumin da za su yanka. Kuma ba da jimawa ba yawancinsu suka mutu a kan abin da suka yi imani da shi, munafuki kuwa ba ya kai wa nan. Amsa ta biyu ita ce jahilci, tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta kai ba. Da yawansu makaranta Alƙur'ani ne, da aya suke magana, da aya kuma aka juya su, kamar yadda Wasil ya nuna. Jahilci ya bayyana yadda suka karanta aya a karkace. Bai bayyana zafin ba, bai bayyana dalilin da zai sa ƙato ya firgita da ƙwayar dabino ɗaya ba.

Sai mu koma ga na uku, wanda a tsarin lokaci shi ne ya riga sauran. Bayan yaƙin Siffin da mutanen Sham a shekara ta 37, da rundunar Sayyidina Ali ta juyo Kufa, wani ɓangare nata ya ware ya sauka a wani ƙauye kusa da garin mai suna Harura. Takensu shi ne babu hukunci sai na Allah. Ɗabari ya ce sun kai 12,000. Ruwayar Nasa'i, wadda ita ce ta fi kawo bayanin muhawarar dalla-dalla, ta ce 6,000 ne. Abdullahi bin Abbas, ɗan baffan Annabi (SAW), ya roƙi Ali ya ɗan jinkirta sallar Azahar har rana ta yi sanyi, don ya je ya yi magana da su. Ali ya ce yana jiye masa tsoro. Ya ce babu komai, domin an san shi mutum ne da ba ya cutar da kowa.

Abin da ya yi kafin ya fita yana da ban mamaki. Ya taje kansa, ya ɗauko mafi kyawun tufafin Yamen da yake da su ya sa. Wanda zai je wurin masu tsananin gudun duniya, hankali zai ce ya sa tsumma ko ya sami shiga. Shi ko ya caɓa ado. Ya same su ana hutun tsakar rana, kuma shi da kansa ya bayyana abin da ya gani: bai taɓa ganin masu ƙoƙarin ibada kamarsu ba, goshi ya yi kanta saboda sujada, hannuwa sun yi kaushi, fuskoki sun koɗe saboda rashin barcin dare, riguna sun sha wanki sun tsufa.

Ko gaisuwa ba a gama ba suka tambaye shi wannan wace irin riga ce. Har gobe da tufafi ake buɗe irin wannan fage, tsawon wando ko gemu ko mayafi, domin abu ne da ake gani, kuma idan mutum ya fara kame-kame a kansa to ya riga ya amince cewa shi ne wanda ake tuhuma. Ibn Abbas bai ba da haƙuri ba, bai kuma fusata ba. Ya ce ya ga Manzon Allah cikin tufafi mafi kyau, ya tuna musu aya ta 32 a Suratul A'arafi, wadda ke tambayar wane ne ya haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa. Ya wuce. Sai ya faɗi daga inda ya fito: daga wurin Muhajirai da Ansaru, waɗanda Alƙur'ani ya sauka a gabansu, kuma babu ko ɗayansu a cikin wannan sansani. Wasu suka ce kada a kula shi, Baƙuraishe ne, jayayya a jininsu take. Mutum biyu ko uku suka ce su dai za su saurare shi. Da su ya fara.

Ya ce su faɗi abin da suke zargin Ali da shi. Suka ce abu uku ne. Ya ba mutane hukunci a cikin lamarin Allah, da ya yarda Abu Musa al-Ash'ari da Amru bin Asi su yi sulhu. Ya yi yaƙi bai kama bayi ba bai kwashi ganima ba. Idan waɗanda ya yaƙa kafirai ne to dukiyarsu ta halatta, idan muminai ne to yaƙarsu ta haramta. Sannan ya yarda an goge laƙabinsa na Sarkin Muminai daga takardar sulhu. Idan ba na muminai ba ne, ashe na kafirai ne.

A nan ya yi abu biyu waɗanda a ganina sun fi amsoshin kansu nauyi. Ya tambaye su ko akwai saura. Suka ce iyakarta ke nan. Sai ya tambaye su, idan ya kawo musu daga Littafin Allah da Sunna abin da ya warware ukun nan, za su koma? Suka ce e. Duk wanda ya taɓa zama da mai irin wannan zafin ya san yadda zancen ke tafiya: kana amsa na farko ya tsallaka na biyar, kana kama na biyar ya ce ka ji tsoron wuta. Ibn Abbas ya sa sun rufe jerin da bakinsu, sun kuma amince da ma'auni tun kafin a fara awo.

Amsar farko da zomo ya ba da ita. Aya ta 95 a Suratul Ma'ida ta ce wanda ya kashe abin farauta yana cikin harami, adilai biyu ne za su yanke abin da zai biya. Ya ce ga zomo, kuɗinsa rubu'in dirhami, Allah ya bar hukuncinsa a hannun mutane. Ga kuma aya ta 35 a Suratun Nisa'i, inda aka ce a naɗa mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata. Jinin Musulmi ne ya fi cancantar a yi masa sulhu, ko zomo? Suka ce jinin. Ya tambaye su ko ya fita daga wannan, suka ce ya fita.

Ta biyun ce ta yi musu dabaibayi. A yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 a Basra, Nana A'isha tana ɗaya ɓangaren. Ya ce za su kama uwarsu baiwa, su halatta daga gare ta abin da ake halattawa daga kuyanga? Idan sun ce e sun kafirta. Idan sun ce ba uwarsu ba ce sun ƙaryata aya ta 6 a Suratul Ahzabi, wadda ta kira matan Annabi uwayen muminai, nan ma sun kafirta. Tarkon da suka ɗana wa Ali, na ko wannan ko wancan babu tsakiya, shi ya ɗauka ya ajiye a gabansu. Ta ukun ba ta ɗauki lokaci ba. A Hudaibiyya, shekara ta 6, Suhailu bin Amru ya ƙi yarda a rubuta Manzon Allah a takardar sulhu, Annabi ya ce a goge a rubuta Muhammadu ɗan Abdullahi, kuma Ali ne ma marubucin ranar. Gogewar ba ta cire shi daga annabta ba. Ruwayar Nasa'i ta ce mutum 2,000 suka koma. Wata ruwaya a Musnad na Imamu Ahmad ta ce 4,000.

Sai dai har yanzu lissafin bai fita ba. Waɗannan hujjoji ba masu zurfi ba ne, ayoyi ne da mutanen nan suka haddace suke karantawa kowane dare. Me ya hana su gani da kansu? Kuma idan hujja ce kawai ta yi aiki, me ya sa fiye da rabi suka ji ta suka zauna daram?

Bakin zaren yana Siffin. Da mutanen Sham suka ga yaƙi ya juya musu, suka ɗaga Mus'hafai a kan tsinin masu bisa shawarar Amru bin Asi. Ali ya ce yaudara ce, a ci gaba. Waɗanda suka kewaye shi suka ce lallai ya amsa kiran Littafin Allah, ya dawo da kwamandansa Ashtar daga fagen fama, in ba haka ba su miƙa shi ga abokan gaba ko su yi masa abin da aka yi wa Usmanu, wata ƙungiya ce ta makaranta Alƙur'ani, cikinsu har da Mis'ar bin Fadaki da Zaidu bin Husaini. Ɗabari ya ce su ne daga baya suka zama Hawarijawa. Wato sulhun da suke kira kafirci, da hannunsu aka ƙulla shi. Da Ali ya tuna musu haka ba su musa ba. Suka ce ƙwarai sun yi, kafirci ne suka yi, sun kuma tuba, shi ma ya tuba kamar yadda suka tuba.

A tsaya a kan wannan amsar. Mutum ne da ya raba dare yana salla shekara da shekaru, sai ya wayi gari ya yarda cewa ya yi kwanaki yana kafiri bai sani ba, yana kuma ganin ibada yake yi a lokacin. Da mutuwa ta riske shi a kwanakin nan, a lissafinsa, wuta ce ta har abada. Aƙidar cewa babban zunubi yana fitar da mutum daga Musulunci sai daga baya ta kammala tsaruwa, musamman a hannun mabiyan Nafi'u bin Azraƙ, amma irinta a nan aka shuka shi. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga dabinonmu ya dawo. Wanda ya tofar da shi ba wasa yake ba, a wurinsa tsakanin ƙwayar nan da wuta babu nisa. Alade da mushiriki ba su tayar masa da hankali, domin hukuncinsu a rubuce yake, ya bi ya huta. Abdullahi ɗan Khabbab ne abin tsoro: Musulmi, ɗan sahabi, mai salla kamarsu, yana cewa Ali ne a kan daidai. Idan ya yi gaskiya, to ficewarsu ma zunubi ce, tubarsu kuskure ce, sun sake faɗawa ramin da suka yi zaton sun fito. Aƙidar da ba ta bar wa mutum wurin yin kuskure ba, ba za ta bar shi ya saurari mai cewa ya yi kuskure ba.

Ali ya gane haka. An ruwaito cewa da aka tambaye shi ko mutanen Nahrawan mushirikai ne, ya ce ai shirka suke gudu. Ya kuma sanar da su a masallacin Kufa cewa ba za a hana su masallatai ba, ba za a hana su rabonsu na baitulmali ba muddin suna tare da jama'a, ba kuma za a yaƙe su ba sai sun fara.

Yanzu aikin Ibn Abbas ya fito sarari. Bai ce musu sun kafirta da ficewa ba, da ya ƙara wa wuta itace. Abin da ya warware shi ne tushen firgicin: sulhun nan tun asali ba zunubi ba ne, Allah ya yi umarni da irinsa a kan zomo, Annabi ya yi irinsa a Hudaibiyya. Wanda ya karɓi wannan zai iya komawa Kufa ba tare da ya ɗauki kansa tsohon kafiri ba. Rigar Yamen ma hujja ce da ake gani da ido, domin ga mutumin da ya fi su sanin Alƙur'ani nesa ba kusa ba, yana tsoron Allah, kuma bai firgita ba. Ƙarfin halinsa daga nan ya fito. Bai taɓa yarda cewa makullin Aljanna yana hannun masu yi masa tambaya ba, saboda haka tambayarsu tambaya ce kawai, ana iya amsa ta, ana iya mayar musu da wata.

Ƙasar Hausa ta ga irin wannan jarrabawa. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an yi wasu ɗalibai da ke kafirta talakan da bai iya jero hujjojin tauhidi yadda malaman ilmul kalam suka tsara su ba. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana rushe wannan ra'ayi, kamar yadda ɗansa Muhammadu Bello ya faɗa a Infaƙul Maisuri, matsayinsa kuwa shi ne wanda ya yi shahada ya bayyana Musulunci ana yi masa hukuncin Musulmi, zuciya kuma a bar wa Mai ita. A cikin littafin nan dai aka adana wasiƙun Shehu Laminu na Borno, inda yake tuhumar masu jihadin da kansu da kafirta mutane saboda saɓo. Zargin kafirci ba ya zama a hannu ɗaya.

Saura a yi wa ɗan Khabbab adalci, domin kada a fita da tunanin cewa bai iya magana ba ne. Amsarsa ba ta fi ta Ibn Abbas zafi ba. Bambancin wuri ne da lokaci. A Harura ba a zub da jini ba tukuna, Ibn Abbas ya zo da ƙafarsa a matsayin manzon Halifa, a gaban taro, inda mai shakka zai ga wani mai shakka ya sami ƙarfin tashi. A bakin kogin Nahrawan kuwa, ga takubba a zare, ga mutum ɗaya da mace mai ciki. A irin wannan wuri babu amsar gaskiya da za ta fid da shi. Wasil ya karanci haka, shi ya sa bai yi muhawara ba, ya nemi ƙofar da dokarsu ta bari a buɗe ya fitar da ayarinsa. Ban ga laifinsa ba.

Kisan ɗan Khabbab ne ya sa Ali ya juya da rundunarsa zuwa Nahrawan a shekara ta 38. Ya nemi a miƙo masu kisan, suka ce dukansu ne suka kashe shi. Suna wajen 4,000 ƙarƙashin Abdullahi bin Wahab ar-Rasibi. Kafin a gwabza, Ali ya ba Abu Ayyuba al-Ansari tutar amana, aka yi shela cewa duk wanda ya zo ƙarƙashinta, ko ya koma Kufa ko Mada'in, matuƙar bai yi kisa ba, ya tsira. Wasu suka sulale, aka bar kimanin 2,800, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka rayu. Cikin waɗanda suka janye akwai Farwa bin Naufal al-Ashja'i, wanda ya tsaya a gaban mutanensa ya rantse cewa shi bai san a kan me ake yaƙar Ali ba, zai koma gefe har sai al'amarin ya bayyana gare shi. Mahaya 500 suka bi shi. A cikin jama'ar da ke ɗaukar shakka a matsayin kafirci, faɗin "ban sani ba" a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Bai koma wurin Ali ba, bai kuma bar Hawarijanci ba. A shekara ta 41, bayan Ibn Muljam, ɗaya daga cikin Hawarijawa, ya kashe Ali a masallacin Kufa kuma mulki ya koma hannun Mu'awiya, jagoran mutanen Sham, Farwa ya ce yanzu kam babu sauran shakka, ya sake jan mutanensa suka nufi Kufa da yaƙi.